In Ungulu Ta Dawo, Ina Tsamiyar?

A watan Afrilun 2025 wani kamfani mai suna Colossal Biosciences, da ke birnin Dallas na Amurka, ya shelanta wa duniya cewa ya dawo da wata dabba da ta ƙare a bayan ƙasa sama da shekara 10,000 da suka shuɗe. Dabbar wani ƙaton kyarkeci ce da ta taɓa yawo a nahiyar Amurka. Kamfanin ya nuna hotunan 'ya'ya uku farare sol, maza biyu da aka haifa a Oktoban 2024 da mace ɗaya da ta biyo su a Janairun 2025. Ya kuma ce saura na nan tafe, ciki har da giwa mai gashi ta ƙasashen ƙanƙara, da tsuntsun tsibirin Morishas da ake kira dodo, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a ƙarni na 17. Labarin ya zaga duniya har ya iso wayoyinmu a Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda wasu suka riƙe baki don mamaki, wasu kuma suka yi ta'awwuzi.

Ni ɗan wannan yanki ne, kuma ilimin halittu na karanta a jami'a, don haka labarin ya taɓa ni ta fuska biyu. Tambayar da nake son mu duba tare da mai karatu ita ce: idan ɗan Adam ya sami ikon dawo da abin da ya ƙarar, shin hakan ya sauke masa nauyin ƙarar da shi? Amsata ita ce bai sauke ba. Ilimin kansa ba shi da laifi, yana ma da amfani a muhallinsa. Haɗarin yana cikin alkawarin da ake haɗa shi da shi, wato cewa abin da ya tafi ana iya kiransa ya dawo, domin alkawari irin wannan yana rage wa asara ɗaci tun ba a gama tafka ta ba.

Kafin a yanke wa abu hukunci ya kamata a san yadda yake. Kowace halitta tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda ake kira ƙwayoyin gado, shi ne ke tsara ƙirarta da girmanta da launinta. Idan dabba ta mutu rubutun yakan fara rududdugewa, kamar tsohon kundin da gara ta samu. Masu binciken kamfanin sun tsinto guntayen rubutun ne daga wani haƙori mai shekara 13,000 da wani ƙoƙon kai mai shekara 72,000. Suka karanta abin da ya karantu, suka gwada shi da na kyarkecin da ke raye a yau. Daga nan suka ɗauki ƙwayar kyarkecin yau suka yi mata gyara 20 a gurabe 14, don a sami farin gashi da kaurin jiki, sannan suka dasa a mahaifar karnukan gida, karnukan suka haife. Rubutun gadon kyarkeci kuwa haruffansa sun haura biliyan 2. Bayan 'yan makonni babbar masaniyar kamfanin, Beth Shapiro, ta faɗa a wata hira cewa dabbobin nan kyarketan yau ne da aka yi wa gyara 20.

Bahaushe yana da sunan irin wannan ciniki, shi ne ungulu da kan zabo. Ban ce masanan maƙaryata ne ba, aikin da suka yi na gwanaye ne, kuma ba kowane ɗakin bincike zai iya shi ba. Sunan da aka raɗa wa aikin ne ya fi shi girma. Sau ɗaya aka taɓa haifar ainihin kwafin dabbar da ta riga ta ƙare, kuma labarin bai yi daɗin ji ba. Wata akuyar dutse ce ta tsaunukan da ke tsakanin Sifen da Faransa. Ta ƙarshe a cikinsu ta mutu a Janairun 2000, bishiya ce ta faɗo mata, amma an riga an ɗebi ƙwayoyin fatar kunnenta an daskarar. An yi dashe sau 57 a mahaifar awaki, bakwai suka ɗauki ciki, shida suka yi ɓari. A Yulin 2003 aka haifi guda ɗaya, ta yi 'yan mintoci tana kokawa da numfashi saboda lahanin huhu, ta mutu. Ko da ta rayu, mace ce tilo, babu namijin da za a haɗa ta da shi. Awakin da suka sha wahalar dashe da ɓari su ma masu rai ne, kuma suna da haƙƙi, ko da yake ba a cika sanya su a lissafi ba.

Waɗanda suka yi ta'awwuzi suna ganin an shiga hurumin Ubangiji, domin rayar da matacce nasa ne shi kaɗai. Ina girmama wannan tsoro, amma idan aka duba da kyau za a ga babu mataccen da aka rayar. Ƙwaya mai rai aka ɗauka, aka sa a mahaifa mai rai, rai kuma ya zo ta hanyar da ya saba zuwa. Ɗan Adam ya daɗe yana sa hannu a gadon halittu. Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya, mangwaro mai aure reshen wata bishiya ne a kan gindin wata, kazar nan ta Shika Brown kuma a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, aka yi ta zaɓe da haɗi har aka fitar da ita. Bayan haihuwar tunkiya Dolly, wadda aka kwafa daga ƙwayar wata tunkiya a 1996, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997. Ta haramta kwafar ɗan Adam, ta kuma halatta irin wannan aiki a kan dabbobi da tsirrai matuƙar zai jawo maslaha ya kauce wa ɓarna. Ke nan maganar ta koma kan maslaha: wa zai amfana, wa zai cutu, kuma me aka bari a baya aka tafi yin wannan?

A nan ne kalmar gado take da abin da za ta koya mana. A Hausa gado ya haɗa abin da ke cikin jini da abin da ake koya a gindin iyaye. Gaskiya ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan maƙerin da aka ɗauke ranar suna aka kai shi wata ƙasa, jinin maƙera na jikinsa, sai dai ba zai san zuga-zugi ba, balle ya gane ƙarfe ya nuna daga launinsa. Haka abin yake ga dabbobi da yawa. 'Yar giwa daga uwa da kaka take koyon hanyar ruwa a shekarar fari, ɗan kyarkeci kuma a cikin garke yake koyon farauta. Kyarketan Colossal ba su da garken da za su koya a wurinsa, kuma manyan namun da kakanninsu na da ke farauta, irin su dawakai da raƙuman asalin Amurka, sun ƙare tun tuni. A yau suna zaune ne a wani killataccen fili da aka ɓoye inda yake, ana kai musu abinci. Jinsin halitta ya ƙunshi jiki da wurin zama da abin ci da maƙwabta da aikin da yake yi a cikinsu. Ɗakin bincike jikin kawai zai iya ƙerawa.

Mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya haura shekara 40 a Maƙarfi ko Ikara ko Hunƙuyi zai ba da labarin yadda ungulaye ke cika mahauta, musamman ranar kasuwa. Suna jere a kan rufin kwano da rassan tsamiya da kuka, suna jiran a watsar da tumbi da hanji, har sai an sa yara sun kore su. Ni da sa'o'ina ragowarsu muka tarar. Ƙannenmu kuwa da yawansu ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba, a karin magana kawai suka san ta. A yau mutum zai yini a kasuwar Laraba ta Maƙarfi, a yanka shanu da awaki, bai ga inuwar fiffike ɗaya ta gifta ba. Haka kura da barewa da gada suka janye daga dazuzzukanmu, gauraka ma da ake kira tsuntsun ƙasa ta kusa zama labari a Nijeriya. Sunayen wurare irin su Kurmin Kogi a ƙasar Ikara suna ba da shaidar yadda ƙasar take a da. Karkandar yammacin Afirka kuwa, wadda ragowarta ta ƙarshe ta zauna a arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarta baki ɗaya a 2011.

Ɓacewar ungulu ba ƙaura ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa nau'o'in ungulu takwas na Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a cikin shekara 30, kuma kashi 90 cikin 100 na mace-macen da aka ƙididdige guba ce da farautar sassan jiki suka jawo su. A shekarar ce Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya ungulun mahauta, irin tamu, a sahun da ke dab da ƙarewa. A yammacin Afirka babban dalili shi ne cinikin kanta da ƙwanta da gashinta don haɗa asirin neman sa'a da kasuwa da mulki, kuma kasuwannin Nijeriya na cikin manyan masu saye. A 2020 an kashe ungulaye kusan 2,000 da guba a Gini Bisau, aka tarar da yawansu babu kai. Ita kuwa ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka kowace aka kashe an bar gurbin da zai daɗe bai cike ba.

Wani zai ce, to sai me? Tsuntsuwa ce mai sanƙo, mai cin mushe, ba a cin namanta, ba ta da daɗin kuka. Indiya ta riga ta ba da amsa. A shekarun 1990 makiyaya a can suka rungumi wani maganin ciwon jiki na shanu mai suna diklofenak. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa maganin, ƙodarta takan lalace ta mutu. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar suka ƙare. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwan sha, karnukan sake suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar ƙarin mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma har yau tsuntsayen ba su koma yadda suke ba. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cutar da za su kashe kare ko mutum. Ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi, kuma ba a san yawan aikinta ba sai da ta bar shi.

Yanzu mu ƙaddara an wayi gari ungulu ta ƙare ƙaf, wani kamfani ya samo gashinta a gidan tarihi ya ƙyanƙyashe mana guda goma, aka kawo su Ikara da kiɗa da jawabai. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To ina tsamiyar? Manyan itatuwan da take sheƙa a kansu sun zama gawayi da katako, ko an sare su don a faɗaɗa gonar rake da masara da tumatir. Mai sayen kan ungulu yana nan da kuɗinsa, mai zuba guba a mushe bai daina ba. Goman nan ba za su ga damina biyu ba. Muddin abin da ya kashe na farko yana nan, dawo da dabba sake miƙa ta ga mutuwa ne, kuma wannan zalunci ne na biyu a kan na farko.

Akwai kuma ɓarnar da alkawarin ke yi wa zukata. Abin da ke sa mutum ya riƙe tulu da hannu biyu shi ne sanin cewa in ya fashe ya fashe ke nan. Ranar da aka ce masa akwai mai ɗinke shi kyauta, riƙon zai sassauta. Wannan ba zato ba ne. Kwanaki kaɗan bayan shelar Colossal, sakataren harkokin cikin gida na Amurka, Doug Burgum, wanda ma'aikatarsa ke kula da namun daji, ya kafa hujja da kyarketan yana cewa ya kamata a dogara da fasaha maimakon dokokin kare dabbobin da ke cikin haɗari. Ga kuma maganar kuɗi. A Janairun 2025 an ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 10.2. Kuɗi da hankalin jama'a suna da iyaka, abin da aka zuba a kan haƙorin shekara 13,000 ba a zuba shi a kan mai rai da ke jiran ceto ba. Mutumin da yake sayen marmara don gyara kabarin kakansa alhali mahaifiyarsa na kwance babu magani, ba za a ce ya san zumunci ba.

Adalci ya wajabta in faɗi inda ilimin nan ya yi rana. A Amurka akwai wata 'yar dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, wadda kafin 2020 duk masu rai daga cikinta suka fito daga kakanni bakwai kacal, har kusancin jini ya zama barazana gare su. A Disamban 2020 aka kwafo guda ɗaya daga ƙwayoyin wata da aka daskarar tun 1988, don a shigar da sabon jini cikin dangin. A Kenya kuma, tun mutuwar namiji na ƙarshe na farar karkandar arewa a Maris ɗin 2018, mata biyu suka rage, uwa da 'ya, masana na ta haɗa ƙwayayensu da maniyyin da aka adana ko Allah zai sa a dace. Wannan jinya ce ta mai sauran numfashi, kuma ina goyon bayanta. Bambancin a bayyane yake: a nan akwai dangi da wurin zama da ke jiran wanda za a haifa.

Misalan da suka fi ba ni ƙwarin gwiwa kuwa ba su fito daga ɗakin bincike ba, daga maƙwabta suka fito. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawan yammacin Afirka sun ragu zuwa 49 a 1996. Ba a kewaye su da waya ba, a cikin gonakin mutane suke kiwo, har sukan taɓa wake da mangwaro. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance, samari suka zama masu yi wa baƙi jagora. A yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka mayar da su dajin Gadabeji na jihar Maraɗi, inda suka yi kusan shekara 50 ba a gan su ba. A Chadi ma, farar dabbar hamadar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, wadda aka ce ta ƙare a daji a 2000, an dawo da ita daga garkunan da aka adana a Abu Dabi tun daga 2016, ta hayayyafa, har a Disamban 2023 aka cire ta daga wancan sahu. Abin da ya sa aka dace a wuraren biyu ɗaya ne: an tarar da sauran rai, an tarar da sauran fili, kuma mutanen wurin sun yarda.

Na san mai sare tsamiya ba mugu ba ne. Sau da yawa magidanci ne da buhun gawayi ke ciyar da iyalinsa, kuma matar da ke saye ba ta da kuɗin gas. Yaron da ke hawa bishiya ya ɗauko ƙwan ungulu shi ma aike ne, mai aiken yana cikin mota. Wa'azin kare halittu da bai kula da cikin talaka ba, ba zai wuce ƙofar zaure ba. Sai dai darasin Indiya ya nuna cewa idan ma'aikaciyar tsaftar nan ta tafi, talakan ne dai ke shan gurɓataccen ruwa, ɗansa ne kare ke cizo. Saboda haka kare ungulu yana cikin kare shi, kuma dole a yi aikin tare da shi, kamar yadda aka yi a Kure.

Abin da ake bukata a wurinmu bai fi ƙarfinmu ba. Nijeriya tana da dokar kare namun dajin da ke cikin haɗari tun 1985, saura a san da ita a kasuwanni. Sarkin fawa zai iya hana a taɓa tsuntsun da ya sauka a mahautarsa. Hakimai da dagatai za su iya sanya wa manyan tsamiya da kuka da ɗorawa hurumi, kamar yadda iyayenmu suka daɗe suna barin su a tsakiyar gona. Malamai za su iya tunatar da jama'a a huɗuba cewa addini ya ɗauki dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, kuma sa'ar da ake nema a kan mushen tsuntsu ba ta hannunsa. Masu maganin gargajiya suna da ƙungiyoyi da shugabanni, ana iya zama da su, an kuwa fara yin haka a wasu sassan ƙasar nan. Mu da muka yi karatu kuma, aikinmu shi ne mu fita da littafi da alƙalami mu ƙirga abin da ya rage, daga Paki zuwa Gimi zuwa Likoro, domin abin da ba a san yawansa ba ba a sanin ranar da ya ƙare.

Wataƙila nan da shekara 20 a ga giwa mai gashi tana tafiya a cikin wani shinge a ƙasar sanyi, kuma ni ma zan so in ga hotonta. Amma ranar da za a tambaye mu game da amanar da aka ba mu, ba za a tambayi mutumin Kudan labarin giwar da ta mutu tun kafin a kafa garinsa ba. Za a tambaye shi tsuntsuwar da ta yi wa kakanninsa shara ɗaruruwan shekaru, wadda ta ƙare a kan idonsa. Har yanzu akwai ragowarta a wasu sassan ƙasar nan da maƙwabta, kuma mai fiffike ba ta bukatar a ɗauko ta a jirgi. In ta sami bishiyar da za ta yi sheƙa, da mahautar da ba za a jefe ta ba, da kanta za ta gane hanya.